Tsinken Ƙafar Safara'u

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara duka. Jamilu direba ya ce tarin Inna ya lafa, matarka Jummai ma ta sauka lafiya, alhamdulillahi. Amma ya ce kara ya soki 'yata Safara'u a ƙafa, har ta daina zuwa makaranta. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

Ni lafiya lau nake a Hayin Banki. Bayana ne kawai ke ciwo, shi ma sai na daɗe a sunkuye. Kada ka gaya wa Inna.

Ƙungiyar matan da nake yi wa shara, masu taimakon makarantar ƙauyenmu, za su kai wa yara takalma. Shugabarsu Hajiya Nafisat ta tambaye ni lambar ƙafar Safara'u. Yaya, ban san lambar ba. Ƙafar da na sani ta bara waccan ce.

Don Allah ka karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarta, daga dunduniya zuwa babban yatsa. Mai lafiyar za ka auna, ba mai kumburin ba. Ka ɗan ƙara, tana girma.

Ka yi haƙuri da rubutun, a ajin manya na koya. Na ji kunyar in ba wani ya rubuta mini wannan magana.

Ka naɗe tsinken cikin amsarka, ka ba Jamilu kafin Alhamis ta sama, ranar za su sayo takalman. Ka aiko guda biyu, ko ɗaya zai karye a hanya.

Ƙanwarka,
Asma'u