Shanun Baban Habsu

Daren Talata, Dakoro

Ko tuwo na kasa ci. Kullum ina taƙama da dabarata ta sa sunan ɗalibi cikin jimlar misali don kalmar Ingilishi ta zauna wa yara. Yau dabarar ta ba ni kunya.

Kalmar "sell" muka yi. Na ce musu sayarwa ke nan, na waiga, idona ya faɗa kan Habsu, yarinyar nan ta Tagriss. Sai na rubuta a tablo, wato allon aji, da Ingilishi cewa baban Habsu ya sayar da shanunsa duka, na sa aji ya yi ta maimaitawa da ƙarfi. Ashe ni kaɗai ne ban san abin da ranin bana ya yi wa garkensu ba.

Ita ma ta maimaita, har ta fi kowa iya faɗa.

Da aka tashi ta tsaya bakin ƙofa, kanta a sunkuye, ta kira ni da sunan da yara ke kiran malami, ta ce, "Mushe, a gyara. Ba duka ba ne, ta innata tana nan."

Na ce to. Ko haƙuri ban iya ba ta ba. Kuma na taho gida ban goge tablon ba.