Ƙudan Zumata Sun Dawo

Unguwar Magajin Gari,
Birnin Gwari.
Ranar Talata.

Zuwa ga Bushira, sanyin idona, furen ɗorawar da ya buɗe a tsakiyar rani, inuwar kaɗanya ga wanda rana ta dafa, ruwan sabuwar randa bayan doguwar tafiya. Aminci ya tabbata a gare ki, ke da ko fushinki ya fi mini fara'ar mata dubu!

Yau kwana goma sha tara ke nan rabon da ki fito in na yi sallama a ƙofar gidanku. Ban zo da ƙorafi ba, don na san ni na jawo. Labari na kawo miki, kuma wannan karon kaina a ɗage yake. Ki daure ki karanta har ƙarshe, ko da kina yi kina hararar takardar.

Kin tuna ranar da na fara tsayawa gaban teburinki a cibiyar koyon sana'a? Layi har bakin titi, kowa da fayil a hammata, ni kuwa daga ni sai biron aro. Ke ce mai taimaka wa masu neman aiki wajen cike fom, kina yi kina musu faɗa kamar ƙannenki. Da kika iso gurbin da aka ce mutum ya rubuta sana'ar da ya iya, sai kika ga na rubuta "babu". Kika ɗago idanun nan naki, kika tambaye ni me mahaifina yake yi. Na ce kafin 'yan bindiga su tashe mu daga Dogon Dawa, amya arba'in Baba yake da ita rataye a bishiyoyin daji, kuma da ni ake hawa a sauke zuma tun ban fara azumi ba. Kika ja layi a kan "babu" ɗin nan har biro ya kusa huda takarda, kika rubuta "kiwon zuma", kika ce in matsa in ba na baya wuri. Wayyo Bushira! Na matsa kuwa, amma tun daga ranar ban ƙara samun zuciyata a inda na saba ajiye ta ba.

Kin san sauran, amma ba daga bakina ba. Wata uku muna zama a gaban Malama Helen, mai binciken nan da ta zo daga jami'a tana nazarin ƙudan zuma da bishiyoyin bakin dajinmu. Tun ranar farko ta ce in an gama horo za ta ɗauki mutum ɗaya aiki, ya zama mataimakinta. Ni a raina har na riga na karɓa. Wa zai koya mini zuma? Ina kallon akwatunan katakon da ake kiwo a ciki, ina yi musu dariya a ɓoye. Tana cewa a cire saƙar da ta nuna kawai, a bar mai 'ya'ya, a bar musu abin da za su ci, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, babu abin da yake shiga.

Ranar jarrabawa aka ba kowa akwatinsa aka ce ya ɗebi zuma. Hannuna ya yi abin da ya saba. A daji, Bushira, sau ɗaya kake hawa bishiya a shekara, kuma ba a barin komai, don abin da ka bari dage ne zai cinye, ko wani ya biyo sawunka ya kwashe. Haka Baba ya koya mini, haka kakana ya koya masa. Na kwashe akwatin tas, da zumar da 'ya'yan, na cika bokiti har yana tumbatsa. Na ɗauko shi ina taƙama na dire a gaban Malama, ina jiran tafi. Ta leƙa bokitin, ta je ta leƙa akwatin. Sannan ta ce, "Nababa, ka cika bokiti, amma ka rushe musu gida." Bayan kwana biyu ƙudan suka tashi gaba ɗaya suka bar akwatin fayau.

Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Ni ɗan mai amya arba'in, ni ne na ƙarshe a aji! Kunyar nan ce ta kora ni wurin abokina Abdulsalam, na ce ya ajiye mini wuri a babur ɗinsa, zan bi shi ramin haƙar zinari. Na san abin da ramin nan ya yi wa gidanku. Na san a can ƙasa ta rufta da yayanki Salim, kuma duk da haka na faɗa. Da labari ya iske ki, ba ki yi kuka ba, ba ki ɗaga murya ba. Da na zo, kika tsaya a zaure kika ce mini, "Na riga na ba wa ramin nan mutum ɗaya, ba zan ƙara masa ba." Kika juya kika shige. Na ji tsoro a ranar, tsoron da ban ji ba ko lokacin da muke gudu da kaya a ka.

To yanzu saurari abin da ya faru, hasken ranata. Washegari da safe na hango ƙudana sun dunƙule a reshen wata ɗorawa bayan katangar cibiya. Ba su yi nisa ba! Na ruga gida wurin Baba. Shekara uku ke nan ba a ambatar zuma a gabansa, in ya ga ana tallarta ma kau da kai yake yi. Na durƙusa na faɗa masa ɓarnar da na yi. Da na gama, sai ya ce a miƙo masa takalminsa. Ya sa na nemo kakin zuma da busasshen kashin shanu da wasu saiwoyi biyu da ya nuna mini a bakin rafi. Muka turara akwatin ciki da waje yadda ake turara sabuwar amya, na mayar da saƙar da ta rage a bokiti, muka ɗora shi a gwafar bishiyar, bakinsa yana kallon gabas. Kwana biyu ina zaman gadi a gindin ɗorawar nan. A rana ta uku da hantsi na ji rugugi a saman kaina, na ɗaga ido na ga suna shiga ɗaya bayan ɗaya.

Ashe Malama Helen tana kallonmu tun ranar farko. Ta jawo benci ta zauna kusa da Baba da littafinta, tana kiransa Malam, tana tambayarsa wace bishiya ce take fara fure, wacce ce zumarta take da ɗaci, yaya ake gane ƙudan da suke shirin ƙaura. Da kin ga tsohon nan! Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a wuni ya yi awa biyu yana zuba, har ya koma shi yake yi mata tambaya kan dalilin barin saƙa mai 'ya'ya. Da ta yi masa bayani, ya juyo ya ce ashe ni ne ban da kunne, kamar ba shi ya koya mini kwashewar ba.

Jiya ta miƙo mini takardar ɗaukar aiki na shekara ɗaya. Ta ce akwai waɗanda suka fi ni maki, amma tana bukatar wanda ya san bishiyoyin dajin nan da sunayensu, wanda kuma ya riga ya ɗanɗana kuskuren da ba zai sake ba. Zan kula da akwatuna ashirin, in bi ta wurin tsofaffin masu amya mu rubuta abin da suka sani kafin ya bi su ƙasa, in kuma taya ta koyar da sababbin ɗalibai. Ni fa, Nababa, a gaban allo! Ba zan ɓoye miki ba, albashin ba mai yawa ba ne. Amma aiki ne da ake yinsa a sarari, rana tana ganinka, kuma da la'asar mutum ya dawo gida da ƙafafunsa.

Abdulsalam ya tafi ranar Asabar. Na taya shi ɗaure kaya, na roƙe shi ya fasa, ya ƙi. Na yi masa addu'a, na tsaya har babur ɗinsa ya sha kwana, sannan na koma bakin akwatina. Na yi miki alkawari, kuma Allah ne shaidata: ƙafata ba za ta taɓa taka bakin ramin nan ba, ko da aikin ya ƙare, ko da duk ƙudan zumar duniya sun guje ni.

Ina son ki, Bushira. Ina son tsiwarki da harararki da gaskiyar nan taki mai zafi. Ina son ki da safe in raɓa ta kwanta a ganyen kaɗanya, ina son ki da rana tsaka in gari ya yi tsit. Wace ce za ta gaya mini gaskiya in ba ke ba? Wa zan kai wa zumar farko da na ɗiba yadda ya kamata?

Yau da safe Baba ya sa an wanke masa babbar rigarsa, wadda bai saka ba tun barinmu ƙauye. Ya kira ni ya ce, "Tun da ka zama mutum, wane gida za mu nufa neman aure ranar Juma'a?" Na sunkuyar da kai na ce ya ba ni kwana biyu. Tsohon nan ya rasa gona, ya rasa daji, ba zan kai shi ƙofar da za a bar shi a tsaye ba. Gobe bayan la'asar zan zo in yi sallama sau uku. In kin fito, ko ba ki ce mini uffan ba, zan koma in gaya masa sunan gidan.

Naki ni kaɗai, muddin ina numfashi,
Nababa.