Muryar Hajiya da Manhajoji Uku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Umma, ya ƙafar? Ya yara? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Saura kwana huɗu watan gwajina ya cika a situdiyo. Maigida ya ba ni aikin da zai duba ya riƙe ni ko ya sallame ni. Wata tsohuwar mawaƙiya, Hajiya, ta rera rabin waƙa shekara takwas da suka wuce, sauran rabin kuma bana. Tana tsoron muryarta ta tsufa. Akwai manhajojin ikwalaiza da ke auna kauri da kaifin tsohon sauti, su gyara sabon ya yi kama da shi. Uku nake gwadawa. Ta farko ta ƙara kaifi, ta biyu ta fi taushi, ta uku tsaka-tsaki ce. Na saurari baiti ɗaya sau ɗari da goma sha bakwai, na ƙirga. Maigida ya sa mini suna Malam Rahoto saboda yawan rubuce-rubucena, wai da ido nake jin waƙa. Kunnuwana har zafi suke yi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Kar ki gaya wa Umma tukuna.

Na zaɓi ta biyu, na rubuta dalilai shafi shida. Hajiya ta saurara, ta share hawaye, ta ce ɗan nan ya dawo mata da muryarta. Bayan sun fita na ga wani ɗan maɓalli a kunne, wanda ke sa sauti ya wuce ba tare da manhaja ta taɓa shi ba. Tun ranar farko yake a kunne. Zanen sautin da manhajojin ke nunawa a kan allo kawai nake kallo, kunnena yana bin idona. Babu wanda ya lura sai ni.

Auta

Yaya,

Ya gida? Na faɗa wa Maigida gaskiya, a gaban Hajiya.

Ta sa na maimaita sau biyu cewa ba a taɓa muryar ba. Ta juya ta ce wa Maigida to wa ya ce ta tsufa, shi ne dai furfura ta cinye. Maigida ya yi dariya har da tari, ya ce in zo Litinin, amma in bar rahoton a gida, in taho da kunnuwana.

Yanzu ki gaya wa Umma. Ni kam hutu nake bukata.

Ƙaninki mai kewarku,
Auta