Gado na Arba'in da Biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana yaran. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai wanki, ka san kuwa ta warke. Baba ne dai sai addu'a.

Mantuwarsa ta ƙaru tun tafiyarka. Jiya tambayata ya yi ko ni ce sabuwar nas. Amma kullum ƙarfe takwas na safe sai ya sa farar rigarsa, ya rataya abin sauraren ƙirji, ya bi baranda yana zagayen marasa lafiya. Ya tsaya a ƙofar kowane ɗaki, har na ajiya, ya sunkuya daidai tsayin yaro, ya kira suna, ya yi shiru kamar ana ba shi amsa, sannan ya gyaɗa kai. Mutumin da ya manta sunana bai manta ko ɗaya daga cikin yaran nan ba.

Yaran bincikensa na farko ne, masu ciwon dajin ƙoda, aikin da ya yi masa suna, wanda ɗalibansa ke koyarwa har yau. Jami'a ta roƙi takardunsa, ni aka ɗora wa tattarawa, shi ya sa na karanta. Yara arba'in da ɗaya ne a rubuce. Bayan shekara ashirin ya sake nazari a kansu, ya ga jan maganin da ya cece su yana iya raunana zuciya a hankali, sai mutum ya girma abin ya fito. Da hannunsa ya rubuta wa duk wanda ya rayu cewa ya zo a duba shi.

To amma Baba a zagayensa gado arba'in da biyu yake bi, kuma na ƙarshe a ƙofar ɗakinka ne. Nan ba ya kiran suna, ba ya gyaɗa kai. Sai ya daɗe yana sauraro, ya juyo ya ce mini wannan bai zo ba, a aika masa.

Shekaranjiya na sami wani fayil a ƙasan akwati, babu suna sai lamba. Yaro ɗan shekara uku, an cire masa ƙodar hagu. A ciki akwai hoton nan naka da muke tsokanarka da shi muna ce maka Ƙwal-kwabo. Na ƙura masa ido, sai yanzu na lura ko gira ba ka da ita, ashe maganin ne ya zubar maka da gashi. Na kai wa Mama, ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Ta ce tabon cikinka ba na aikin hanji ba ne kamar yadda aka gaya mana. Ta ce likita ba ya sa ɗansa a bincikensa, shi ya sa ba ka cikin lissafin, kuma ita ta rantsar da Baba kada ya gaya maka, don kada ka taso kana ganin kanka majinyaci. Ka tuna yadda yake kama ka ya saurari ƙirjinka duk zuwan da ka yi, muna dariya? Ashe dubawar ke nan. Yanzu kuwa ba zai iya ba.

Yaya, raina ya ɓaci da su, kuma tsoro nake ji. A waya ka ce mini hawan bene na sa ka haki, ka ce tsufa ne. Don Allah kada ka yi mini taurin kan nan naka. Ka je wurin likitan zuciya cikin makon nan. Na kwafe maka sunan maganin da yawan da aka ba ka a bayan takardar nan, ka nuna masa.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu. Mama da Gwaggo da Kawu Malami suna gaishe ka. In ka je, ka rubuto da hannunka, zan tsaya a ƙofar ɗakinka ƙarfe takwas in karanta wa Baba, ko ya samu ya gyaɗa kai ya wuce.

Ƙanwarka,
Auta