Rahoto kan Gonar Gindin Tudu

Zuwa ga Dattijo mai gonar gindin tudu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar nan, yaya mutanen gida? Allah ya ƙara lafiya, amin.

Bayan haka, ni ne Babban Shugaban Masu Duba Gonakin Duniya, mai kujerar nan da ke juyawa. An ɗora mini auna noman ƙasashe, kuma ƙasa uku na taka da ƙafata.

A ta farko, sai ka wuni kana tafiya ba ka ga iyakar gona ɗaya ba. Babu itace, babu tsuntsu. Inji ke shuka, inji ke girbi. A ta biyu, tumatir a ɗakin gilashi yake kwance, ana ɗiga masa ruwa ta siririn tiyo kamar mara lafiya. A ta uku sun yanka dutse hawa-hawa, shinkafa tsaye cikin ruwa, gajimare na yawo ƙasa da ƙafarka. Can nakan saki baki ina kallo har mai gona ya daka mini tsawa. Wato, har sakatarena ya tuna mini da taro.

Amma da na lumshe ido, gonarka nake gani. Ga ka babu takalmi, kana murza ƙasa a tafin hannu kana sunsunawa, wake na yaɗo a gindin dawa, ga gefen da kake bari ya huta shekara guda.

Labari ya iso ofishinmu cewa wani ɗanka mara kunya ya kira wannan noman tsofaffi, ya jefar da fartanya ya shiga duniya. Kwamiti ya zauna a kansa, an gano ɗanyen kai ne kawai. Mun kuma ji bana za ka ba ɗan ƙaninka kason yaron. Hukuma ta ce a dakata.

Baba, hukumar nan ko tabarma ba ta da ita. Ni ne, Auta, kuma na san tun layin farko ka gane karkataccen rubutun da Malam ya gaji da gyarawa. Ƙasa ukun gaskiya ne, amma ƙwadago na yi musu. Sau huɗu ina rubuta ban haƙuri ina yagawa, tsokana kaɗai hannuna ya iya.

Abin da na faɗa maka gaban mutane, ka yafe mini. In ka amince, sa Yaya ta aiko da kalma ɗaya, in taho kafin ruwan farko. Ko gefen tsakuwa ka ba ni, zan noma.

A gaishe da Inna.

Ɗanka,
Auta