Alhakin Raudatu Ya Biyo Ni Rasha

Ƙanwata Hansai,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? An girbe masara a Gozaki?

Lafiyata ƙalau, kada ki tayar mata da hankali. Harshen mutanen nan ne ya ishe ni. Kalma ɗaya gaɓa bakwai, baƙaƙe cunkushe ba wasali. Malamar, sa'ar 'yata, sai ta sa ni tafa hannu ina rarraba kalma, 'yan aji suna dariya. Ni da na shekara ashirin ina koyarwa! Alhamis za a yi jarrabawar baka. In na sake faɗuwa, gida za a maido ni ba digiri.

Ki nemo Raudatu mai in'ina, wadda na kora daga ajina a Kafur. Ki ce ni ma na ɗanɗana abin da na yi mata. Ta yafe min kafin Alhamis.

Yayarki,
Nana Khadija