Rediyon Baban Khalidu

Litinin, 3 ga Maris 2014
Na dawo ɗakina daga wankan jego a garinmu Garou, ni da Khalidu. Ko Inna ban faɗa wa ba: tun ɗinkin da aka yi mini wajen haihuwa ba na iya riƙe iska. In na sunkuya ta fita, in na yi dariya ta fita. Alwala uku na yi kafin na samu Azahar. Ni Nafissa, da ake wa tsiya da yawan tsabta!

Alhamis, 6 ga Maris
Innalillahi. Baban Khalidu ya kusance ni, abin ya kuɓuce, da ƙara. Sai ya miƙa hannu ya kunna rediyo. Na tashi na ce yaro na kuka. Yaron da ke barcinsa.

Lahadi, 16 ga Maris
Na bar wake, na bar albasa, a gidan mai fataucin albasa. Turaren wuta har idona na ruwa. Duk a banza.
Sau huɗu ina ce masa kaina na ciwo. Gaskiyar ita ce sha'awar ta ɗauke. Da ya taɓa ni, hankalina duk ya koma wajen matse jiki, ba na jin komai sai tsoro.
Shi kuma da ya shigo sai rediyo, da ƙarfi, tashar Faransanci. Mutumin da bonjur kawai ya sani! Ya gwammace surutun da ba ya fahimta da muryata. Ƙyamata yake yi, na sani.

Juma'a, 21 ga Maris
Na ɗaure kayana. Gara in koma Garou da ƙafata kafin a ce in tafi.

Asabar, 22 ga Maris

Da hantsi ya dawo daga kasuwa, ya ga ƙunshin kaya, ya nufi rediyo. Na ce don Allah ya bar shi, in ya gaji da ni ya faɗa.
Ya tsaya baki buɗe. "Gajiya? Nafi, don ke nika kunna shi. Tun ran da kinka dawo nika ji. Na aza in da ƙara cikin ɗaki ba ki jin kunya."
Tun ranar farko! Kwana ashirin ina ɓoye abin da ya sani. Na so ƙasa ta tsage.
Wai har ya je matarnite, asibitin haihuwa, shi kaɗai, ya tsaya cikin mata masu ciki, ya tambayi ungozoma. Ta ce masa ba ni kaɗai ba ce, tsoka ce ta yage, ana dubawa, in kawo kaina. Mako guda ya rasa bakin faɗa mini.
Na yi kuka. Cikin kukan ma ta fita. Ya kalli rediyo, ya kalle ni, bai taɓa shi ba.

Laraba, 26 ga Maris
Mun je. Ungozoma ta koya mini yadda zan riƙa motsa wurin, ta ba mu takardar ganin likita a birnin Parakou.
Ban warke ba. Jiya ma ta faru, muna tare, ban dai tashi ba. Ba wani abu ba ne, Khalidu ne bai yi kuka ba.
Batirin rediyo ya ƙare tun Lahadi. Ban tuna masa ba.